Me ke kashe itacen kanumfari a Sumatra, kuma ta yaya aka gane mai laifin?

Alhaji Mai Yaji: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana. Wanda nake sarin kanumfari a hannunsa ya ce mini wai akwai wata cuta da ke kashe itacensa a can Indunusiya, shi ya sa kaya ke tashi. Gaskiya ne, ko dai salon ƙara kuɗi ne? Na biyu kuma, wanda ya fi ɗaure mini kai: kanumfarin da muke dannawa a haƙori mai ciwo ya lafa, shi ne kuma ƙwayar cuta za ta kashe uwarsa?

Sarkin Tsokana: Alhaji ai kai ya kamata mu tambaya maganar salon ƙara kuɗi 😂

Ɗalibin Bogor: Wa alaikumus salam Alhaji. Cutar gaskiya ce, nan Bogor ta Indunusiya inda nake karatu babu malamin cututtukan tsirrai da ba ya kawo ta a aji. Ana ce mata cutar Sumatra, don a yammacin tsibirin Sumatra ta fara yin ɓarna sosai kafin ta tsallaka Jawa. Bakteriya ce ke kawo ta, sunanta Ralstonia syzygii. Tana zama a cikin jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye, ta hayayyafa har ta toshe su. Sai ka ga ganyen can ƙololuwar bishiya ya yi rawaya ba lokacinsa ba, ya zube, rassa su bushe daga sama suna gangarowa. Daga fara ganin alama zuwa mutuwar itace, wata 6 zuwa 18. Abin takaicin shi ne ta fi kama manyan itatuwa da suka haura shekara 10, wato daidai lokacin da manomi ya fara cin gajiyar wahalarsa, tunda kanumfari kan yi shekara 5 zuwa 7 kafin ya fara fure.

Amma maganar farashi, kada a ɗora wa cutar komai. Indunusiya ce ta fi kowa noman kanumfari, kuma ita ce ta fi kowa cinye shi, don da shi suke yin tabarsu da ake kira kretek. Shekarar da nasu bai yi kyau ba sai su shiga kasuwar duniya su kwashe na Madagaska da Zanzibar da Komoros. Itacen kuma ba kowace shekara yake cika 'ya'ya ba. Ga kuma canjin dala. Waɗannan sun fi taɓa aljihunka.

Maman Sadik: Alhaji, tambayarka ta biyu bari in ɗauka. Abin da ke kashe ciwon haƙori wani mai ne da ake kira yujinol, kuma a cikin tohon fure da ganye yake taruwa, a wasu 'yan ƙananan jakunkuna. Ita kuwa bakteriyar ba can take ba. Tana cikin itace, a hanyar ruwa, inda man ba ya zuwa. Gida ɗaya suke amma ba sa haɗuwa.

Alhaji Mai Yaji: Ikon Allah. Na gode Hajiya. To su ta yaya suka gane cewa wannan abu ne? Ai ba a ganinsa.

Ɗalibin Bogor: Yanzu abu ne mai sauƙi Alhaji. A yanko ɗan guntun reshe, a tace sinadarin gado na DNA daga ciki, a saka a na'urar PCR, mai kwafar wani yanki na DNA har ya yi yawan da za a gan shi. Akwai ma'auni biyu da ake kira 759 da 760, idan dangin Ralstonia na ciki za su fito da layi guda a kan gwaji. Sai a ƙara wani gwajin ya nuna wane reshe ne na dangin. Da safe ka fara, kafin la'asar ka san amsa.

Baba Malam: Ɗana, sannu da ƙoƙari. Amma Alhaji bai tambaye ka yadda ake ganewa yau ba, cewa ya yi ta yaya SUKA gane. Na'urarka tana neman wanda aka riga aka ba ta sunansa ne. Wa ya ba ta sunan? Su waɗanda suka fara aikin ba su da suna, ba su da kamanni, sai matattun itatuwa a gefen tsauni.

Ku saurari yadda abin ya gudana. A 1975 Waller da Sitepu suka wallafa bayanin cutar, ba tare da an kama mai haddasa ta ba. An yi ta zargi: wasu suka ce ƙasa ce ta gaji, wasu suka ce ƙarancin sinadari ne. Da aka duba itacen da madubi mai ƙarfi sai aka ga jijiyoyin ruwa cike da bakteriya. To, a nan wahalar ta fara, domin an shuka ta a farantin renon ƙwayoyin cuta na ɗakin gwaji ta ƙi fitowa yadda aka saba. Har aka ɗauka tana cikin irin waɗanda ba sa rayuwa a wajen tsiro. Sai a tsakiyar shekarun 1980, ta hanyar haɗin gwiwar masanan Indunusiya da na Ingila, ciki har da mutanen cibiyar binciken noma ta Rothamsted, aka tabbatar da alaƙarta da cutar, aka samu abincin da take yarda ta ci, aka yi wa dashen kanumfari allurarta suka kamu. A 1990 Roberts da Eden-Green da abokansu suka raɗa mata suna Pseudomonas syzygii. Ka lissafa daga 1975, shekara 15 ke nan. Ba don malalata ne su ba.

Ɗalibin Bogor: Allah ya gafarta Malam, ban musa tarihin ba. Amma ai shi ya sa nake cewa yau an huta. Da a ce suna da kayan da muke da su, da shekara 15 ɗin nan ta koma wata biyu. Ko ba ka san sunan ƙwaya ba, kana iya karanta jerin 16S, wani yanki na DNA da ake gane bakteriya da shi, na duk bakteriyar da ke cikin itacen ka kwatanta da rumbun bayanai na intanet.

Baba Malam: Ka karanta, ka samu sunaye ashirin. Wanne ne ya kashe itacen? Idan ka tarar da ungulu a kan mushe, ita ta kashe saniyar? Itacen da ya fara mutuwa kowa shiga yake yi: masu cin ruɓa, masu zaman haya da dama can suna ciki ba sa cutar da kowa, da waɗanda suka shigo ta hannun mai yankan samfurin. Na'ura za ta gaya maka wa ke wurin. Ba za ta gaya maka wa ya yi kisan ba.

Abin da Robert Koch ya shimfiɗa tun shekarun 1880 har yau bai tsufa ba. Ka sami ƙwayar a duk tsiron da ke da cutar. Ka ware ta ita kaɗai a faranti, ba gauraye. Ka sa ta a jikin lafiyayyen tsiro, cutar nan dai ta fito da kamanninta. Sannan ka sake ciro ta daga wannan tsiron ka ga ita ce dai. Kuma a gefe ka ajiye wasu dashen da ka yi wa allurar tsabtataccen ruwa kawai, don idan su ma suka bushe to allurarka ce ko zafin ɗakinka ya kashe su, ba ƙwayar ba. Da tumatir wannan aikin mako biyu ne. Da kanumfari watanni za ka yi kana zagaya dashe kana jiran ganye ya yi rawaya. Shi ya sa ɗalibai ke gudun aiki a kan bishiya, kowa na son ya kammala digiri ya tafi.

Sarkin Tsokana: Baba ya taɓo inda ke yi wa Ɗalibi ƙaiƙayi.

Ɗalibin Bogor: 😅 Ni a kan ayaba nake aiki, na tsira.

Maman Sadik: Ni da nake tsaye a kan bencin ɗakin gwaji kullum, ku bari in faɗi abin da ke faruwa da faranti, don a nan ne mutane ke ɓata ba su sani ba. Akwai abincin renon bakteriya da Arthur Kelman ya haɗa a 1954, ana ce masa TZC. Idan ka shafa Ralstonia ta tumatir ko dankali a kai, ka ajiye a zafin digiri 28, cikin awa 48 za ka ga ta fito: fara, mai yauƙi kamar za ta kwarara, da ɗan ja-ja a tsakiya. Duk wanda ya taɓa gani ba ya mantawa. To ita ta kanumfari ba haka take ba. Jinkiri gare ta, sai ta kusa mako kafin ka ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo ƙanana, kuma tana da zaɓen abinci. Kafin ta leƙo, masu saurin girma sun mamaye farantin. Mai gaggawa sai ya ɗauki wadda ta fi girma da kyau, ya yi mata gwaje-gwaje, ya rubuta rahoto a kan baƙuwar da ba ruwanta.

Dabarar ita ce kada ka ɗauki samfur daga reshen da ya mutu. Ka nemi iyaka, inda itace mai launin toka-toka ya haɗu da mai lafiya. Ka goge bayan da sifirit mai ƙarfin kashi 70, ka ɓare ɓawo, ka yanki na ciki da wuƙar da ka ƙona, ka jiƙa a tsabtataccen ruwa ya saki abin da ke cikinsa, sannan ka tsarma shi sosai kafin ka shafa. Kuma kada ka zubar da faranti a kwana na uku don ba ka ga komai ba.

Malamar Gona: Maman Sadik, bayan an ware ta fa? A makarantar koyon aikin gona an nuna mana rinin Gram sau ɗaya, shi ke nan.

Maman Sadik: Rinin Gram tun 1884 ake yinsa, ana rina bakteriya a duba ta da madubi, launin da ta ɗauka yana raba su gida biyu. Amma akwai gajeriyar hanya idan ba ki da rini ko madubi: ɗigon sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 3 a kan gilashi, ki ɗebo bakteriyar da tsinke ki cuɗa kamar minti ɗaya, ki ɗaga. Idan ta yi zare ta biyo tsinken, tana gidan da mafi yawan masu cutar da tsirrai suke, har da Ralstonia. Idan ruwa-ruwa ta tsaya, to wani gida ne. Sai gwajin ganyen taba: a ɗura ruwan bakteriyar cikin ganye da sirinji marar allura, washegari idan wurin ya ƙone ya bushe, alama ce mai ƙarfi cewa mai cutar da tsiro ce ba 'yar cin ruɓa ba. Duk waɗannan ba sa ba ki suna, rage miki waɗanda ake zargi suke yi. Daga nan ne PCR ke da amfani, a kan ƙwayar da kika ware mai tsabta.

Kuma ƙanena na Bogor, ka yi magana kamar wanda wuta ba ta ɗauke masa ba. Kayan PCR sai a firiza suke zama. Na taɓa ganin an yi odar su daga waje, suka yi makonni a hanya, ƙanƙarar ta narke, aka yi ta gwaji ba layi ko ɗaya. Da ba a saka samfurin da aka san tabbas yana da ƙwayar a gefe ba, da an rubuta cewa gonar lafiya lau take.

Ɗalibin Bogor: Wannan gaskiya ne Yaya. Akwai ma kishiyar haka, layi ya fito a inda bai kamata ba saboda ƙurar DNA ta gwajin jiya. Kuma tana kama DNA na ƙwayar da ta riga ta mutu. Amma bari in kare kaina da hujja ɗaya da Malam ba zai iya turewa ba. Shi faranti da allura ba su taɓa nuna cewa bakteriyar kanumfari da ta cutar jinin ayaba 'yan uwa ne na kusa ba. Cutar jinin ayaba ita ce wadda idan ka yanka 'ya'yan za ka ga cikinsu ya yi ja-ja ya ruɓe, an daɗe da saninta a yankin Sulawesi. Ɗaya tana kashe bishiya a hankali, ɗaya tana lalata ayaba, a faranti ma ba su yi kama ba. Binciken DNA ne ya haɗa su. A 2004 aka mayar da ta kanumfari cikin Ralstonia. A 2005 Fegan da Prior suka kasa dangin gida huɗu bisa asalin yanki: na ɗaya Asiya, na biyu nahiyar Amurka, na uku Afirka, na huɗu Indunusiya. A 2014 Irda Safni, 'yar Indunusiya, da abokan aikinta suka tsara su zuwa jinsi uku. Gida na biyu ya riƙe tsohon suna solanacearum, na ɗaya da na uku suka zama pseudosolanacearum, na huɗu ya zama syzygii, kuma a ƙarƙashinsa ne ta kanumfari da ta ayaba suke zaune. Wannan da ido ba za a taɓa gani ba.

Baba Malam: Na ba ka wannan. Ban ce a jefar da na'ura ba. Cewa na yi ita ke faɗin suna da dangi, tsiro ke faɗin laifi. Kuma lura da abin da ka faɗa da bakinka: 'yan uwa ne na kusa ƙwarai. Ma'ana jerin 16S ɗin da ka ambata ɗazu ba ya raba su da kyau, sai an koma wasu sassan DNA kamar wanda ake kira egl. Haka ɗan tsinken gwaji da ake tsomawa a ruwan tsiro, mai fito da layi biyu, zai ce maka dangin na nan, ba zai ce maka wanne ba.

Sarkin Tsokana: Suna ya yi ta canzawa, itace dai na mutuwa. Manomi me ya samu?

Baba Malam: Tambaya mai kyau, ko da da tsokana ka yi ta. Ga abin da ya samu. Duk wanda ya ji an ce dangin Ralstonia zai ce a ƙasa take zaune, ta saiwa take shiga, don haka aka san ta tun da Erwin Smith ya bayyana ta tumatir da dankali a 1896. Da an tsaya a kan haka da an yi ta zuba magani a gindin bishiya a banza. Da aka iya gane ƙwayar kanumfari da tabbaci, sai aka iya bin sawunta, aka gano ƙwaro ne ke ɗaukar ta daga bishiya zuwa bishiya. Sunansa Hindola: Hindola fulva a Sumatra, Hindola striata a Jawa. Ƙaramin ƙwaro ne mai tsotsar ruwan itace, 'ya'yansa kan gina wani ɗan bututu mai tauri a jikin reshe su zauna ciki. An kamo su daga itace mai cuta aka rufe su a keji tare da lafiyayyen dashe, dashen ya kamu. Rodiah Balfas da Eden-Green na cikin masu wannan aikin. Daga nan shawara ta canza: a sare mai cuta a ƙone, a yaƙi ƙwaron, a tsabtace adda, kada a kai dashe daga yankin cuta zuwa wani. An gwada yi wa bishiya allurar maganin oksitetirasaikilin, takan farfaɗo na ɗan lokaci, cutar ta dawo. Warkarwa dai babu, amma an san inda za a sa ƙarfi.

Irin wannan ne ya faru da zaitun a kudancin Italiya daga 2013, da bakteriyar Xylella, ita ma a jijiyar ruwa take kuma ƙwaro mai tsotsa ke yawo da ita. Na ambata ne kawai don a san ba matsalar talakawan ƙasashe ba ce.

Na Darussalam: Salam. Ina bin zancen daga Tanzaniya. Tsofaffin Pemba ma suna ba da labarin wata mutuwar farat ɗaya da ta riƙa kashe kanumfari a da, itace ya bushe da ganyensa a jiki. Ita ce wannan ɗin?

Baba Malam: Ba ita ba ce, kuma misalinka ya fi nawa nuna abin da nake faɗa. Kama da wane ba ta wane. Ta Zanzibar da Pemba da farko an zaci bairos ce. A shekarun 1950 Nutman da wani Roberts daban suka ɗora laifin a kan wata funfuna, Valsa eugeniae. Daga baya wasu masanan suka jawo hankali ga fari da yanayin ƙasa. A arewacin Sulawesi kuma, da kanumfari ya yi ta mutuwa, a 2004 aka bayyana wata funfunar daban, Ceratocystis polychroma, a cikin ramukan da tsutsar wani ƙwaro ke haƙawa a gangar itacen. Ga kirfa ma: ciwon da ke tsaga ɓawonta a Sumatra, wanda Rands ya bayyana a 1922, Phytophthora cinnamomi ke kawo shi, ita kuwa ba bakteriya ba ce, ba kuma funfuna ta haƙiƙa ba. Bishiya ba ta da hanyoyi da yawa na nuna ciwo. Duk abin da ya hana ta shan ruwa, ganye zai yi rawaya, ya zube, reshe ya bushe. Wanda ya tsaya daga nesa ya ce maka bakteriya ce, cinta yake yi.

Ɗan Kachia: Malamai ku yi haƙuri in shigo da tawa. Mu ba mu da kanumfari, citta muke nomawa. A daminar 2023 kun ji abin da ya same mu a Kachia da Kagarko da Jaba. Gona tana kore shar, cikin 'yan kwanaki ganye ya ƙone, ka tono ka tarar ta ruɓe. An ce funfuna ce. Wani mai shagon magani ya sayar mini da kala uku, na fesa duka, ban tsira da ko iri ba. Yanzu da nake karanta maganarku sai nake tunani, anya ba wannan Ralstonia ɗin ba ce?

Ɗalibin Bogor: Allah ya mayar da alheri Yaya. Citta tana da cutar bakteriya daga wannan dangin, pseudosolanacearum, kuma tana ɓarna sosai a jihar Kerala ta Indiya, har cibiyar binciken kayan yaji da ke Kozhikode ta daɗe tana aiki a kanta. Amma ba zan ce maka ita ce ta kama gonarka ba. Idan na faɗi haka na yi abin da Malam ya gama hanawa yanzu.

Baba Malam: Madalla, an fara ji.

Maman Sadik: Ɗan'uwa, ruɓewar citta masu kawo ta sun kai uku da aka fi sani: Pythium, Fusarium, da ita bakteriyar, kuma sukan haɗu a gona ɗaya. Akwai ɗan bambanci a farkon kamu. Ta bakteriya, ganye kan lanƙwashe ya yi laushi yana kore tukuna, kafin rawaya ta zo. Ta Pythium, rawaya ke fara bayyana daga ganyen ƙasa. Amma idan an kai ga ruɓa duk ɗaya suke, har wari.

Akwai gwajin da za ka yi da kanka ba ko sisi. Ka sami kofin gilashi mai haske ka cika da ruwa mai tsabta. Ka tuge tsiron da ya FARA yaushi, ba wanda ya mutu ba. Ka wanke, ka yanke karan kusa da gindi da sabuwar reza, ka rataya shi yadda bakin yankan zai nutse kaɗan a ruwan. Ka jira minti biyar zuwa goma. Idan ka ga wani farin zare kamar hayaƙi yana sauka daga yankan, bakteriya ce ke kwarara daga jijiyoyin. Funfuna ba ta yin haka. Da tumatir da tattasai da gauta ma yana aiki.

Malamar Gona: Idan ba a ga zaren ba, shi ke nan ba ita ba ce?

Maman Sadik: A'a. Ganinsa hujja ce mai ƙarfi, rashin ganinsa ba hujja ba ce. Wataƙila kamuwar ba ta yi nisa ba, ko an yanka a inda ba ta kai ba. A gwada tsiro biyar ko shida daga wurare daban-daban na gonar.

Ɗan Kachia: To in ya nuna ita ce, wane magani zan saya?

Baba Malam: Ka riƙe kuɗinka. Maganin funfuna ba ya taɓa bakteriya, kuma wadda ta shiga cikin jijiya feshi ba ya kai mata. Ta citta ba kamar ta kanumfari ba ce, ita a ƙasa da ruwa take zama, kuma babbar hanyar tafiyarta ita ce irin da kake dasawa. Citta za ta yi kyau a ido alhali tana ɗauke da ita. Abin yi shi ne a tuge masu cuta a fitar da su, a gyara magudana kada ruwan gonar da ta kamu ya bi ta cikin mai lafiya, a huta da citta a wurin na wasu shekaru a sa masara ko dawa, kada a bi ta da tumatir ko barkono ko dankalin turawa. Iri kuma daga gonar da aka san tarihinta.

Wani abu da ke ba ni tsoro: bayan asara irin wannan, iri kan yi tsada, sai ka ji wani ya ce zai shigo da citta mai manyan yatsu daga Asiya a dasa. Wanda aka shigo da shi don miya daban, wanda za a binne a ƙasa daban. Aikin hukumar killace tsirrai ta ƙasa ke nan, a bi ta hannunta. Ƙwayar da ta shiga ƙasar gona ba a kwashe ta.

Alhaji Mai Yaji: Wannan ya kawo ni ga tsorona. Buhunan kanumfarin da ke shagona fa? Kada a ce ni na shigo da annoba.

Ɗalibin Bogor: Kwantar da hankalinka Alhaji. Naka tohon fure ne da aka shanya a rana kwanaki har ya bushe ƙamas, ba dasa shi ake yi ba. Hatsarin yana ga ɗanyen dashe da ƙwaron. Ba ta kama mutum kuma. Sannan ko ta zo ba ta da masauki, kanumfari ɗan tsibiran Maluku ne, yana son ruwan sama mai yawa da laimar bakin teku, ba zai jure hunturunmu ba.

Sarkin Tsokana: Shi ke nan, zoɓo da kunun zaƙi sun tsira.

Malamar Gona: Idan manomi na son tabbaci fa, ina zai kai? Kuma yaya zai ɗauko samfurin? Ni abin da ake kawo mini yawanci busasshen ganye ne a leda, ko ruɓaɓɓen abu da ya kwana uku a bayan babur.

Maman Sadik: Wannan ba abin da za a iya yi da shi. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana da masana cututtukan tsirrai, citta kuma tana ƙarƙashin cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike, ga cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, a Ibadan. A fara tuntuɓa kafin a ɗauko, a ji ranar da za su karɓa. A tono tsiron gaba ɗaya da saiwarsa da 'yar ƙasa, guda uku ko huɗu waɗanda suka fara nuna alama, da guda ɗaya mai kama da lafiya daga gonar, kowanne a naɗe shi daban a takarda. Kada a yayyafa ruwa, kada a ɗaure a baƙar leda a bari a rana. A rubuta ranar da aka tono, garin, abin da aka shuka a wurin bara, inda aka samo iri, da duk maganin da aka fesa. Wannan na ƙarshen mutane kan ɓoye shi, alhali yana iya hana ƙwayar fitowa a faranti. A isar da shi a ranar ko washegari.

Ɗalibin Bogor: Idan bishiya ce, reshe mai kaurin yatsa biyu daga inda bushewar ta tsaya, rabi matacce rabi ɗanye, a toshe bakin yankan kada ya bushe.

Ɗan Kachia: Akwai wani layi a gonar ƙanena da ya fara lanƙwasa ganye tun shekaranjiya. Gobe da safe in Allah ya kai mu zan yi na kofin in turo hoto.

Maman Sadik: Allah ya kai mu. Ka ajiye kofin a wuri mai haske, ka sa baƙin ƙyalle a bayansa don zaren ya fito a hoto, kuma kada ka girgiza shi. Ka yi wa lafiyayyen tsiro guda ɗaya irin yankan a wani kofin daban, ka ɗauke su tare mu kwatanta.